Tambaya da Amsa: Bakano a Bakin Teku

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun shafi zaman gaɓar teku, kuma dukansu daga cikin birnin Kano suka fito. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, an yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Legas, kuma ina shirin tarewa da iyalina bayan Babbar Sallah. Duk wanda na gaya wa sai ya yi mini jaje, ya kawo zancen cunkoson motoci da tsadar haya. Ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Shin akwai wani daɗi a zaman bakin teku wanda mai ƙaramin albashi zai iya samu? Daga wani magidanci, unguwar Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Masu yi maka jaje ba su yi ƙarya ba game da haya da cunkoso, amma rabin labarin suka ba ka. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne mutum yana iya shekara goma a Agege ko Mile 12 bai taɓa taka rairayin teku ba, domin Legas gari ne mai faɗi, kuma yawancin unguwannin da Hausawa suka fi sauka suna can cikin tudu. Saboda haka idan kana son ruwan ya shiga cikin rayuwarka, sai ka sa shi a lissafi tun lokacin neman gida, ko kuwa ka ware masa safiyar Asabar ka riƙe ta da gaske.

A ganina, mafi daɗin abin da bakin teku yake bayarwa kyauta ne, wato tattaki bayan sallar Asuba. A wannan lokaci rana ba ta yi zafi ba, masu kiɗa ba su fito ba, kuma yashin da ruwa ya janye ya bari yana da tauri, ƙafa ba ta nutsewa a cikinsa. Idan ka fuskanci ruwa a gaɓar Legas, kudu kake kallo, don haka rana za ta ɓullo ta hannunka na hagu, kuma wannan zai taimake ka wajen gane alƙibla idan lokacin salla ya riske ka a can. Za ka lura cewa bakin ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya: sau biyu a yini da dare yana cikowa yana janyewa, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wata ne yake janyo wannan, shi ya sa cikar take fin ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren goma sha huɗu. Bakano da ya saba da lissafin watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin ilimin da masunta suke aiki da shi.

Su masuntan kuwa su ne abin kallo. A yankunan da har yanzu ake su da taru, kamar wajajen Badagry da ƙauyukan da ke gabas da Lekki, za ka tarar da maza sun yi layi biyu a kan yashi, kowane layi yana riƙe da igiya ɗaya, suna ja da baya sannu a hankali suna waƙa, mata kuma suna tsaye da manyan robobi suna jiran abin da zai fito. Jan yana ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma ba a cika korar baƙon da ya naɗe ƙafar wando ya kama igiya ba. Idan tarun ya iso tudu, a nan take ake ciniki, kifi yana ta mutsu-mutsu, ga ƙaguwa ga jatan lande. Wanda ya saba da kifin banda na kasuwar 'Yankura, ko daskararren kifi na cikin kwali, zai ji bambanci a tukunya tun ranar farko.

Akwai kuma iska. Da rana tudu yana riga ruwa ɗaukar zafi, sai iska mai sanyi ta riƙa busowa daga teku, musamman daga azahar zuwa yamma. Ba za ka gamu da irin zafin bazarar Kano ba, wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma hunturu yana isa can a raunane, ba ya tsattsaga leɓe da diddige. Sai dai ka shirya wa laima: gumi ba ya bushewa da wuri, manyan riguna suna yin fumfuna idan aka rufe su a akwati, kuma gishirin da ke cikin iska yana cin ƙarfe, daga ƙyauren gida har ƙarƙashin mota. Uwargida ta riƙa shanya tufafin ajiya lokaci-lokaci.

Game da kuɗi, gaskiya ita ce yawancin sanannun wuraren shaƙatawa na Lekki, irin su Elegushi, sai an biya ake shiga. Bar Beach da iyayenmu suke ba da labari, inda kowa yake zuwa, yanzu babu ita, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Yammacin Lahadi a waɗannan wurare lokaci ne na kiɗa da shaye-shaye, kuma ban ga abin da zai kai magidanci da 'ya'yansa can a irin wannan lokaci ba. Ku je da hantsi, ku tafi da tabarma da abincinku, ku sayi ɗanyar kwakwa a fasa muku ku sha ruwanta, ku baro wurin kafin la'asar.

Tambaya: Ɗana yana zaune a Ikorodu, yana aiki a cikin tsibirin Legas, kuma ya ce kullum a jirgin ruwa yake zuwa aiki. Tun abin da ya faru a Bagwai hankalina ba ya kwanciya da jirgin ruwa. Na ce ya koma shiga mota, ya ce shi wannan tafiya ita ce hutunsa. In matsa masa? Daga wata uwa, Gwammaja.

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, ya kuma jiƙan waɗanda suka rasu. Tsoronki yana da tushe. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya ɗauko mutane daga Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Babban abin da aka ɗora wa alhakin hatsarin shi ne lodi fiye da kima. Wannan, tare da tafiyar dare da rashin rigar kariya, su ne suke maimaituwa a yawancin haɗurran ruwa na ƙasar nan, kuma dukansu abubuwa ne da fasinja yake iya gani da idonsa kafin ya sa ƙafa a jirgi.

Hanyar da ɗanki yake bi ba cikin teku take ba. Tafki ne babba da ke bayan gari, wanda ruwansa ya fi na teku kwanciya nesa ba kusa ba. Jihar Legas tana da hukumar kula da hanyoyin ruwa mai suna LASWA tun shekarar 2008, kuma a manyan tashoshi ana rubuta sunayen fasinjoji, ana ba kowa rigar kariya kafin a tashi. Tafiyar da takan ci awa biyu ko uku a mota lokacin fita aiki, jirgi yana yin ta a ƙasa da awa ɗaya. Idan ya ce ita ce hutunsa, na fahimce shi ƙwarai. Mutum yana zaune iska tana kaɗa shi, yana hango gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 cike da motoci sun tsaya cak, ga masu kwalekwale suna wurga birgi, ga masu haƙo yashi daga ƙarƙashin ruwa. Kuma da yake fuskoki ɗaya ake haɗuwa da su kowace safiya, jirgin yakan zama wata 'yar majalisa, har a san wanda bai zo ba a tambayi lafiyarsa.

Ni ba zan ba ki shawarar ki hana shi ba, domin titin ma yana da nasa haɗarin. Ki yi amfani da matsayinki na uwa ki karɓi alkawari a wurinsa: ya riƙa shiga a tashar da hukuma take sa ido, ya ɗaure rigar kariya da maɗaurinta maimakon ya rataya ta a wuya, ya sauka idan ya ga an wuce adadin kujeru ko da zai makara, kuma kada ya hau bayan magariba. Idan hadari ya haɗo, musamman a tsakiyar damina, ya haƙura ya bi mota.

Tambaya: An tura ni hidimar ƙasa jihar Akwa Ibom, kusa da Eket. Na iya iyo sosai, tun ina yaro nake shiga kogin Challawa. Zan iya shiga teku? Kuma ruwan gishiri yana alwala? Daga wani ɗalibi, Kabuga.

Amsa: Ɗan'uwa, za ka kasance kusa da gaɓar Ibeno, ɗaya daga cikin mafi tsawon rairayin bakin teku a Nijeriya, don haka ka yi sa'ar wurin tattaki. Amma iyon kogi bai isa shaida a teku ba. Ruwan da igiyoyi suka turo tudu yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske, kuma abin takaici shi ne wurin yakan fi ko'ina alamar kwanciya, shi ya sa yake ruɗin baƙo. Har gwanaye ma suna halaka a ciki, domin suna ƙoƙarin komowa tudu kai tsaye har ƙarfinsu ya ƙare. Wanda ruwan ya ja, ya bar kokawa da shi, ya yi iyo a gicciye, wato ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar, sannan ya juyo. Abin da ya fi shi ne kada ka wuce gwiwa sai inda 'yan gari suke shiga, kuma kada ka shiga kai kaɗai.

Batun alwala kuwa babu damuwa. An tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, kuma Imam Malik ya kawo hadisin a cikin Muwaɗɗa. Sha ne dai ba a yi, domin ƙishirwa yake ƙarawa.

Tambaya: Mun shekara biyu a Kalaba ni da maigidana, yanzu na zo ganin gida. A can ban san kowa ba sai matan unguwarmu ta Bogobiri. Ina sha'awar yin ƙawaye cikin 'yan gari, amma ina jin nauyi saboda bambancin yare da addini. Daga wata matar aure, Ɗorayi.

Amsa: Malama, zaman Bogobiri gata ne, domin akwai masallaci, akwai naman da kika amince da yankansa, akwai kuma wanda zai tsaya muku idan wani abu ya taso. Amma unguwar Hausawa a kurmi tana iya zame wa mutum akurki idan bai leƙa waje ba. Hanya mafi sauƙi ita ce kasuwa. Ki zaɓi mai kifi guda ɗaya ki riƙe ta, ki koyi gaisuwa da godiya da harshen Efik, ki tambaye ta yadda ake gyara abin da kika saya. Mutanen Kalaba suna alfahari da girkinsu, kuma da wuya ki tambayi mace yadda ake miyar afang ko edikang ikong ta ƙi buɗe baki. Ke ma kina da abin bayarwa: ranar Sallah ki aika wa maƙwabta da waina da dambun nama, ki ga abin da zai biyo baya.

Game da abinci da abin sha, ki faɗi abin da ba kya ci tun farko, cikin fara'a, ba tare da dogon bayani ba. Yawancin mutane suna girmama wanda ya faɗi iyakarsa a sarari fiye da wanda yake ta kawo uzuri. Sannan ki roƙi maigida ya riƙa fita da ku bakin kogin Kalaba da yamma, wajen Marina, inda iyalai suke zama suna kallon jirage. Yara ba sa jiran tafinta kafin su fara wasa, kuma sau da yawa ta hanyarsu iyaye mata suke fara gaisawa.

Tambaya: Mu da ba mu da dalilin zuwa kudu fa? Daga wani tela, Kofar Wambai.

Amsa: Malam, Kano ba ta da teku, kuma tsakaninmu da Legas akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, amma muna da ruwa. Dam ɗin Tiga, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, yana da faɗin da mutum zai tsaya a bakinsa ya ji iskar ruwa sosai, ga kuma tafkin Bagauda a kan hanya, da dam ɗin Challawa a Ƙaraye. Ku haɗa kuɗin mota da abokan majalisa, ku tafi bayan damina lokacin da ruwa ya cika, gari kuma ya yi kore, ku sayi kifi a hannun masunta a soya muku a wurin. Idan za ku shiga kwalekwale, sharuɗɗan da muka lissafa wa Hajiyar Gwammaja sun hau kanku, kuma idan mai jirgin ba shi da rigar kariya, ku tsaya a tudu.