Amsa ga ƙanena mai son nazarin ɓerayen tsaunuka a Taiwan

Ƙanena, na karanta saƙonka, inda ka ce ka kammala digirin farko a ilimin dabbobi kuma kana son zuwa nan Taiwan domin nazarin ƙananan dabbobin dazuzzukan tsaunuka, amma mutanen gida suna ganin ɓera bai kai a ƙetare teku dominsa ba. Ni a ganina ya kai.

Tsibirin nan ƙarami ne, amma yana da duwatsu fiye da 200 da suka haura mita 3,000, kuma mafi tsayinsu, Yushan, ya kai mita 3,952. A zamunan ƙanƙara ruwan teku ya sha janyewa har tsibirin ya haɗe da doron Asiya, dabbobi suka tsallako da ƙafa. Da ɗumi ya dawo teku ya rufe hanya, masu son sanyi suka tsira a can sama, suka daɗe a keɓe har suka zama jinsunan da ba a samun su ko'ina sai nan. Ɓeran Kikuchi, mai kiwo cikin gajeriyar gorar da ta lulluɓe tuddai sama da mita 2,000, yana cikinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne ɓeraye biyu 'yan gida ɗaya masu farin gashi a ciki: Niviventer coninga yana dazuzzukan ƙasa, Niviventer culturatus yana na sama, kana hawa kana ganin ɗaya yana barin wa ɗaya wuri.

Aikin kansa yana da wuya. Da yamma mukan shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa a kan yankan dankali, mu sa cikin tarkon ƙarfe tare da 'yar auduga saboda sanyi, sannan mu fito da asuba, hazo ya rufe ko'ina, yatsu sun sandare. Ba a makara, domin jaɓa ma takan faɗa tarkon, kuma ba ta jure yunwa. In ta yi 'yan sa'o'i babu abinci, gawarta za ka tarar, kuma hakan yakan tsaya mini a rai. Kafa tarko a gandun Yushan sai da izinin hukuma, kuma guguwar teku takan rufe hanyoyin dutse a damina.

Shawarata ita ce kada ka zo hannu rabbana. Ka nemi shiga aikin daji a Gashaka-Gumti ko dajin Ngel Nyaki da ke Mambila, ka koyi kama ɓera, auna shi, da rubuta tsayin wurin da aka kama shi. Duwatsun Gotel da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru ma suna da nasu ɓeran, Praomys obscurus, don haka tambayar da za ka kawo nan tana da tushe a gida. Malamin da zai duba bincikenka zai fi sauraron wanda ya aiko masa da littafin aikin daji. Sai ya amsa maka tukuna ka nufi ofishin kasuwancin Taiwan, wanda yake Legas, domin batun biza.