Harsashin jan ƙarfe mara nauyi: yana kayar da babban nama kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da bindigar farauta mai lasisi, ƙirar .308 Winchester, kuma shekara da shekaru harsashin dalma mai nauyin giren 180 (giren awon nauyin harsashi ne, kusan 15 ke yin giram ɗaya) nake harbin barewa da shi. Bana na yanke shawarar komawa na jan ƙarfe zalla, don iyalina ke cin naman, ba na son ɓurɓushin dalma a cikinsa. Wani abokin farautata ya ce in sauka zuwa giren 130. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin tun tasowarmu an koya mana cewa mai nauyi shi ke huda nama. Ga shi kuma ina da niyyar fita neman manyan namun daji irin su elk, ƙatuwar barewar nan ta Amurka, nan gaba. Shin wannan ɗan ƙaramin harsashi zai wadatar, ko dai abokin nawa so yake ya kai ni ya baro? — Wani mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai cuce ka ba, sai dai rabin zancen ya gaya maka. A kan barewa yana da gaskiya. A kan elk kuwa, ni da shi za mu ja.

Abin da aka koya muku ba ƙarya ba ne, amma karatun dalma ne. Harsashin da ka saba da shi, cikinsa dalma ce, wajensa siririyar riga ta jan ƙarfe. Da ya sami nama sai bakinsa ya baje, dalmar ta yi ta zubewa a hanya. Ba abin mamaki ba ne ya zubar da kashi 30 ko 40 cikin ɗari na nauyinsa kafin ya tsaya, musamman idan ya ci karo da ƙashi. Shi ya sa magabata suke cewa a ɗauki mai nauyi, don a sami abin da zai rage ya ƙarasa aiki. To, yi lissafin da kanka. Giren 180 ɗinka idan ya zubar da kashi 40, saura 108. Na jan ƙarfe mai giren 130 kuwa yakan riƙe kashi 95 ko fiye, wato sama da 120. Wanda ka raina a bakin bindiga, shi ne ya fi nauyi a lokacin da suka isa cikin ƙirji.

Ina da wani na jan ƙarfe da na ciro daga ƙarƙashin fatar wata barewa da na harba ta gaba, ya ratsa ta a tsaye har cinya. Bakinsa ya tsage gida huɗu, kowane ɓangare ya lanƙwashe baya kamar furen da ya buɗe, gefensa da kaifin da zai iya yanka yatsa. Gindinsa kuwa sumul, shatin tsagin bututu na nan a jikinsa raɗau. Na ɗora shi a kan ma'auni, abin da ya rasa bai wuce ɗan robar da ke kansa ba. Samun irinsa ma sai an dace, don galibi ficewa suke yi ta ɗaya gefen.

Batunka na iyali kuma yana kan hanya. A 2008 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota a Amurka ta yi gwaji da hoton asibiti, ta ga ɓurɓushin dalma har nisan inci 18 daga hanyar harsashi. Ido ba ya ganinsa, wuƙa ba ta cire shi duka.

Yanzu ga abin da ya sa ake sauka ƙasa, kuma nan ne gundarin maganar. Jan ƙarfe ya fi dalma tauri nesa ba kusa ba. Dalma ko a hankali ta sami nama za ta lotse. Jan ƙarfe kuwa sai da gudu yake buɗewa. Akwai rami a bakinsa, ruwan jikin dabba ne ke kutsawa ciki da ƙarfi ya tsaga shi. Idan gudun bai kai ba, sai ya wuce a tsuke, ya bar ɗan rami shiga ɗan rami fita, dabbar ta tafi da ciwo ta mutu inda ba za ka gan ta ba. Masu ƙera shi sukan ce yana buɗewa daga gudun ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a sakan ɗaya, gwargwadon ƙirarsa. Ni dai ba na tsayawa a kan wannan iyakar. Buɗewar da ake samu a 1,800 ta cika alkawarin kamfani ce kawai: bakin ya ɗan tale, shi ke nan. Na fi son ya sami nama da 2,200 ko sama.

To, a .308 giren 180 da ƙyar yake fita da ƙafa 2,600. Giren 130 kuwa yana kaiwa 3,000 ba tare da an takura bindiga ba. Wannan rarar ta 400 ita ce abokinka yake so ka saya. Ka kuma sami ƙari biyu: harsashin ya fi miƙewa a hanya, bindigar kuma ta rage haurin kafaɗa. Kada ka raina na biyun. Maharba da yawa suna runtse ido kafin su ja kunama ba su sani ba, kuma nauyin harsashi bai taɓa gyara harbin da ya kauce ba.

Akwai kuma batun tsawo, wanda mutane ba su cika kulawa da shi ba. Dalma tana da nauyin giram 11.3 a kowane ɗan curi mai santimita ɗaya ta kowane gefe, jan ƙarfe kusan giram 9. Saboda haka idan nauyinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, dole na jan ƙarfe ya fi tsawo. Dogon harsashi kuwa yana buƙatar juyi mai sauri kafin ya tafi a miƙe, kuma tsagin da ke murɗe a cikin bututu shi ke ba shi juyin. Bindigogin .308 da yawa murɗinsu zagaye ɗaya ne a inci 12, wasu a inci 10. Mai 12 tana iya gaza riƙe dogon jan ƙarfe mai giren 180, ka ga ramin da ya yi a takarda ya fito a kaikaice. Bayan haka, tsawon yana shiga cikin kwanso ya cinye wurin albarushi. Shi ya sa maharba suka tsaya a kan cewa in ka koma jan ƙarfe, ka sauka mataki ɗaya ko biyu: mai 180 ya koma 150 ko 165, mai 150 ya koma 130, a .270 Winchester mai 130 ya koma 110.

Inda nake taka wa abokinka birki shi ne nisa. Harsashi mara nauyi yana fita da zafi, amma yana saurin hucewa, iska kuma ta fi kaɗa shi. Giren 130 da ya bar bindiga da 3,000, a yadi 300 yana wajen 2,250, a yadi 400 ya gangaro kusan 2,000. Giren 168 da ya fita da 2,700 a nan yake cim masa, daga nan kuma ya wuce shi. Wato amfanin mara nauyi yana cikin yadi 300 na farko ne. Ga barewa wannan ya ishi kowa, don mafi yawan harbin da ake yi bai kai rabin haka ba. Amma kada ka dogara da adadin da aka buga a jikin kwali. Galibi da bututu mai inci 24 suke aunawa. Idan naka 20 ne ko 18, kowane inci da ya ragu yana tafiya da ƙafa 20 zuwa 30. Ka ari na'urar auna gudu ka harba ta kanta, gani ya kori ji.

Sai elk. Babban namiji yana haura kilo 300, ƙashin kafaɗarsa kuma ba irin na barewa ba ne. Na san mutane sun kayar da shi da giren 130, ba na musu. Idan ya tsaya maka a gicciye a yadi 150 ka sa masa a haƙarƙari, huhu biyu za su tafi, zai faɗi. Amma naman daji ba ya tsayawa yadda kake so. Yakan ba ka kafaɗa, ko ya juya rabi, har harsashi ya ratsa tumbi cike da ciyawa kafin ya kai ga huhu. A nan gajeren harsashi mai faɗin baki yake gajiya da wuri, kuma idan ya bugi ƙashi mai kauri da gudu sosai daga kusa, yakan karya fikafikan nan nasa ya bar gindi kaɗai yana tafiya. Don haka ga elk da mus (ɗan'uwansa da ya fi shi girma) da manyan aladun daji, a .308 ni giren 150 nake ɗauka, ko 165 da 168 idan bututun mai murɗin inci 10 ne. Ka lura, har yanzu ka sauka daga 180 ɗinka, ba dai ka sauka har ƙasa ba. Ɓauna da sauran masu haɗari kuma ba sa cikin wannan zance ko kaɗan; can bindigar ma sai an sake.

Idan so kake ka riƙe harsashi ɗaya tak ga komai, don kada ka yi ta sake saiti, ɗauki 150 ka huta.

Kafin ka fita, wanke bututun tas, ka cire tsohon dattin da harsashin dalma ya bari. Harsashin jan ƙarfe na farko da Randy Brooks na kamfanin Barnes ya fitar a 1989, wanda aka kira X Bullet, ya yi ƙaurin suna wajen shafe bututu da jan ƙarfe. A 2003 suka yi wa jikinsa zobe-zobe suka kira shi TSX, matsi ya ragu, datti ma ya ragu, amma har gobe wasu bindigogin ba sa haɗa harbi wuri ɗaya sai an wanke su. Sannan ka sake saita madubin daga farko, don ba inda tsohon ke sauka sabon zai sauka ba. Idan kai ke ɗura kwansonka, ka bi littafin kamfanin da ya ƙera harsashin, kada ka ɗauki awon albarushin dalma ka zuba; Barnes ma suna ba da shawarar a fara da barin tazarar inci 0.050 tsakaninsa da farkon tsagi.

A daji kuma za ka ga bambanci, gara in gaya maka tun yanzu don kada ka zargi harsashin. Dalma mai tarwatsewa takan kayar da barewa nan take. Jan ƙarfe idan ya bi ta bayan kafaɗa, sau da yawa sai ta zabura ta yi gudun yadi 40 ko 60 kafin ta kife, amma jini na zuba ta gefe biyu, bin sawu ba wuya. Wanda ba ya son gudun nan sai ya matso da saiti gaba kaɗan ya kama kafaɗa. Jan ƙarfe ba ya tsoron ƙashi, kuma ɓarnar naman ba ta kai ta dalma ba. Kuma tunda ficewa yake yi, ka duba abin da ke bayan dabbar kafin ka ja kunama: wata dabbar, ko dutse, ko hanya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana ya kai shekarun farauta, na ba shi tsohuwar .243 Winchester ɗina. Mun gwada jan ƙarfe mai giren 100, harbin ya warwatse. Bindigar ce ta tsufa? — Wani uba

AMSA: Barka kadai, Alhaji. Bindigar lafiyarta ƙalau, harsashin ne ya yi mata tsawo. Tsofaffin .243 galibi murɗinsu zagaye ɗaya ne a inci 10, an yi su ne don dalma mai giren 100, wadda ta fi gajarta. Saya masa giren 80 ko 85. Zai fita da sama da ƙafa 3,200, kuma kafaɗar yaro ba za ta ji jiki ba.

Ba kai kaɗai ka gamu da wannan ba. A Sukotlan doka ta daɗe tana cewa harsashin manyan barewa kada ya gaza giren 100, sai masu .243 suka rasa yadda za su bar dalma. A 2023 aka sauke iyakar zuwa giren 80. Na kawo wannan ne don ka duba dokar inda za ku yi farautar kafin ka saya, domin kowace ƙasa da abin da take aunawa. Jamus, alal misali, tana neman kaurin milimita 6.5 da ƙarfin jul 2,000 (jul awon ƙarfin bugu ne) a mita 100 ga duk naman da ya fi ƙaramar barewarsu girma, wanda ya fitar da .243, da kaurin harsashinta bai kai haka ba, daga lissafi ko da wane harsashi aka sa mata. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana dalma a kowace irin farauta tun 1 ga Yulin 2019, saboda ungulun kondo da ke mutuwa idan sun ci kayan cikin da maharba suka bari. Denmak ma ta hana ta a bindigogin farauta daga Afrilun 2024.

Ka tsayar da yaron a yadi 200, a kan barewa kaɗai, kuma sai ya iya sa harbi uku a jere cikin faɗin tafin hannu daga inda zai zauna a daji, ba daga kan teburi ba.