Amsa ga mai tambaya kan ƙwayar zarra da uraniyom ɗin Arlit

Ƙanena, ka ce an koya maka cewa ƙwayar zarra ba ta rabuwa, yanzu kuma ka ji ana furoton da nutiron da elektiron, har kana tambayar me ya raba uraniyom da baƙin ƙarfe. Na daɗe ina koyar da fizik da shimi a nan Damagaram, kuma ba shekarar da ɗalibi bai yi min wannan tambayar ba.

Waccan magana ta dā ce. Tun 1897 masanin kimiyya Tomson ya gano elektiron a Ingila, a 1911 Ruzafod ya nuna akwai cibiya a tsakiyar ƙwayar zarra, Cadwik ya gano nutiron a 1932.

A aji nakan ce su ajiye ƙwayar gero ɗaya a tsakiyar filin ƙwallo. Geron shi ne cibiya, inda furoton da nutiron suke cunkushe, filin kuma duk na elektiron ne. Amma kusan duk nauyin yana jikin geron, don furoton ɗaya ya ninka elektiron nauyi wajen sau 1836. Furoton da elektiron cajinsu kishiyoyi ne, kamar kan batir da gindinsa. Nutiron ba ruwansa da caji.

Tartsatsin da kake gani da dare lokacin hunturu in ka ja bargo, elektiron ne ke tsallake. Su masu yawo ne, tafiyarsu ba ta canja wa abu suna.

Mai suna shi ne furoton, nan nake so ka riƙe. In 26 ne a cibiya, baƙin ƙarfe ke nan, irin wanda maƙera ke bugawa. In 79 ne, zinariya. In 92 ne, uraniyom. Yara kan haddace sunayen furoton da nutiron da elektiron su manta da wannan ƙirga, sai ranar jarrabawa ido ya raina fata.

Nutiron kuwa nauyi yake sauyawa. Yawancin abin da ake haƙowa a Arlit mai nutiron 146 ne, wato uraniyom 238, in ka haɗa da furoton 92 ɗinsa. Wanda cibiyarsa ke saurin tsagewa ta ba da wuta shi ne 235, mai nutiron 143, kuma bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa sai an tace.

Furoton ɗin ma yana da 'yan ciki uku, kuwak ake ce musu, amma bar wannan sai ka ci jarrabawar bak.