Sauka ta ƙi zama, ga shi ina son sayen jirgi

Tambaya: Malam, shekaruna 47, na yi sa'a 22 ina koyon tuƙin ƙaramin jirgi, Cessna 172. Aiki da hidimar iyali ba sa barina in je sai sau ɗaya a mako biyu, wani lokaci uku. Tashi ba ya ba ni wuya, amma sauka ta ƙi zama: yau ta yi kyau, gobe in maka jirgi da ƙasa. Shekaru ne suka jawo? Kuma ina tunanin sayen nawa jirgin in huta da jiran layi a makaranta. Na ga wani da injinsa bai wuce sa'a 600 ba cikin shekara 18. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, cire shekaru daga lissafin. Abin da ke damunka tazarar da ke tsakanin darussanka ce. Sauka aikin ido ne da hannu da ƙafa a lokaci guda, cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, kuma irin wannan sabo yana gudu in aka bar shi. Wanda ya yi mako uku bai hau ba, rabin darasinsa na gaba a kan dawo da abin da ya zube zai tafi. Sa'a 22 da ka yi a warwatse ba ta kai 12 a jere ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta sa sa'a 40 a matsayin mafi ƙarancin abin da ake bukata kafin lasisin matuƙi mai zaman kansa, wasu ƙasashen 45, amma yawancin mutane sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma masu kwan-gaba-kwan-baya su ne suka fi daɗewa. In ba za ka iya zuwa sau biyu ko uku a mako ba, gara ka dakata, ka tara kuɗin, ka ɗauki hutun mako uku ka yi su a jere har hannunka ya faɗa.

Ita saukar kanta, abu uku za ka duba, kuma na farko shi ne mai laifi a mafi yawan lokuta: gudu. Littafin 172 ya ba da not 60 zuwa 70 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) a gangarowar ƙarshe da filaf, wato faifan da ke bayan fukafuki, a sauke. Masu koyo, musamman manya masu taka-tsantsan, sukan ƙara biyar "don tsaro", su ƙara wata biyar don iska, sai su iso bakin titi da 75 ko 80. Jirgin da ya iso da wannan gudun ba ya son zama. Zai yi ta shawagi a kan titi, titi yana ƙarewa, gabanka yana faɗuwa, sai ka tura sitiyari gaba don ka tilasta masa. Nan ne tayar gaba take fara taɓa ƙasa, jirgi ya yi tsalle, ya dawo a kan hanci, ya sake tsalle fiye da na farko. Tsalle na uku shi ke lanƙwasa bangon da ke tsakanin inji da matuƙi inda ƙafar gaba take ɗaure, ko farfela ta daki ƙasa. Farfela kuwa in ta daki ƙasa, sai an buɗe injin an duba shi. Ƙarin gudu na kashi 10 cikin ɗari yana ƙara tsawon titin da za ka ci da kusan kashi 20. Don haka ka riƙe 65, ka daidaita ƙaramin keken tirim, mai rage nauyin sitiyari a hannu, har jirgi ya riƙe gudun da kansa ba tare da kana kokawa da sitiyari ba. In ka yi tsalle mai ƙarfi, kada ka tsaya gyara: totur gaba ɗaya, ka tashi ka zagayo. Ba abin kunya ba ne, kowane matuƙi na kirki yana yi.

Na biyu, inda kake kallo. Wanda ya kafa ido a ƙasan da ke gaban hancin jirgi ba zai gane tsayinsa ba, domin ƙasa tana wucewa ne kamar ruwa. Da ka ƙetare bakin titi ka ɗaga ido zuwa can gaba, ka bar gefen idonka ya riƙa gaya maka nawa ya rage. A nan shekaru suna da ɗan hannu, amma ta hanyar tabarau. Bayan arba'in ganin kusa yana raguwa, mutane da yawa sukan koma gilashi mai haɗe da na nesa da na karatu ba tare da layi a tsakani ba. Irin wannan gilashin yana murɗe abin da ke gefe da ƙasa, wato daidai wurin da kake auna tsayi da shi. In ka sauya tabarau kwanan nan, ko kana sa wani yau wani gobe, ka gaya wa malaminka da likitan ido.

Na uku ƙanƙane ne amma ana raina shi: kujera. Ka sa ta a rami ɗaya da tsayi ɗaya kowace rana, ka girgiza ka tabbata ta kulle. In tsayin idonka ya bambanta da na makon jiya, hoton titin ma zai bambanta. Ga kuma gadon tuƙin mota: hannu yana son juya sitiyari don gyara hanya, alhali a ƙasa ƙafa ce ke tuƙa jirgi.

Ban sani ba ko ka riga ka karɓi takardar lafiya ta aji na biyu. In ba ka karɓa ba, je wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi kafin ka sake kashe ko sisi. Hawan jini da ciwon sukari ba lallai su hana ba in ana kula da su, amma wasu magunguna suna hanawa, kuma bayan arba'in ana sabunta takardar akai-akai fiye da ta matasa. Ɓoye ciwo ya fi ciwon haɗari ga lasisinka.

Yanzu jirgin da ka gani. Sa'a 600 a shekara 18, wato kusan 33 a shekara, ƙasa da sa'a uku a wata. Mai sayarwa zai ce maka injin sabo ne. Ni kuwa wannan lissafin shi ne abin da ya fi tsorata ni. Kamfanin Lycoming, mai ƙera injin, ya sa sa'a 2,000 tsakanin babban gyara da babban gyara ga injinan da ke kan yawancin 172, amma ya haɗa da shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Wannan injin ya wuce wa'adinsa na shekaru tuntuni.

Ga abin da ke faruwa a cikin injin da ke ajiye. Ƙonewar mai tana haifar da ruwa da asid, wani sashe yana ratsa ringi ya gangara cikin baƙin mai. In jirgi yana tashi a kai a kai, man yana yin zafi ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, ya daɗe a haka kamar sa'a guda, ruwan ya fita a tururi. In yana ajiye, man yana tsiyayewa daga saman inji cikin 'yan makonni, ƙarfe ya zauna tsirara cikin laima. A injin Lycoming kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, yana sama da karanshaf, sandar da ke juya farfela, shi ne farkon bushewa, shi ne farkon yin tsatsa. Tsatsar takan bar ƙananan ramuka, ranar da aka tayar da inji ramukan su fara cin ƙarfe, ɓarɓashi ya bi mai ya zagaye ko'ina. Ba ka jin komai a sauti sai abu ya yi nisa. Kuma ba a iya ganin kamshaf ɗin sosai sai an cire silinda.

Masu irin waɗannan jirage sukan ce ai duk mako suna tayar da shi minti goma a ƙasa. Wannan ya fi barinsa muni: injin ya ƙara ruwa a cikin mai, bai yi zafin da zai kore shi ba. Juya farfela da hannu ma share ɗan man da ya rage a jikin silinda yake yi, ga haɗarin inji ya kama in wayar magineto, na'urar da ke ba filogi wuta, ta tsinke. Injin da ya yi sa'a 1,500 cikin shekara biyar a makaranta, ana masa juye duk sa'a 50, ya fi wannan amana.

Ba injin kaɗai ke jin zama ba. Robar murfin tanki tana tsagewa, ruwan sama ya shiga, ya kwanta a ƙasan tanki domin ya fi man nauyi. Shi ya sa ake tsiyayar mai daga kowace kafa a cikin kofi mai haske kafin tashi, a ga launinsa shuɗi-shuɗi ba ɗigon ruwa a ƙasa. Zanzaro yana liƙe bututun auna gudu da kafar shan iskar tanki da laka, tsuntsu ya yi sheƙa a kan silinda, batir ya mutu, taya ta kwanta gefe guda.

In duk da haka ranka ya biya, ka ɗauko injiniyanka, wanda bai taɓa yi wa jirgin aiki ba kuma ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Ya karanta littattafan tarihin jirgi da na inji da na farfela tun daga shafin farko. Shekarar da ta ɓace daga littafi tana rage darajar jirgi ko da babu abin da ya faru a cikinta. Ya tabbata an cika duk umarnin gyara na dole da hukumar jiragen sama ta bayar. Ya auna matsin kowace silinda da iska mai matsin 80 a ma'aunin psi, ya saurari inda take zurarewa, ya zura kyamara ta ramin filogi ya ga bango da bawul, ya yanka filtar mai ya buɗe takardarta ya nemi ɓarɓashin ƙarfe da maganaɗisu. Ya buɗe murafen ƙarƙashin fukafukai da wutsiya da ƙasan kujeru ya nemi farin garin da ke nuna alminiyon ya fara ci. Sabon fenti a kan tsohon jirgi sau da yawa kitso ne da ƙwarƙwata. Farashin da za ka taya kuwa, ka cire kuɗin babban gyaran inji daga ciki tun farko.

Sannan ka yi lissafin riƙo da gaskiya. Rumfar ajiya, inshora da binciken shekara-shekara suna cin kuɗi ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba, kuma inshorar mai sa'a 22 ba irin ta mai sa'a 500 ba ce. A kan kowace sa'a kuma akwai mai, lita 30 zuwa 35, da juye, da kason da za ka ajiye gefe: raba kuɗin babban gyara gida 2,000, ka riƙa zuba kashi ɗaya a wani asusu duk sa'ar da ka tashi. A ganina, wanda ba zai kai sa'a ɗari a shekara ba haya ta fi masa sauƙi. Kada kujeru huɗun ma su ruɗe ka: sabon samfurin 172 yana ɗaukar kimanin kilo 400 ne gaba ɗaya, cikakken tanki ya cinye kusan 145, saura 250 da ɗan kai, wato manya uku ba kaya mai yawa.

Kai da kake samun zuwa sau ɗaya a mako biyu, in ka saya yau, jirgin zai ci gaba da zaman da ya saba ne a hannunka. Ka gama lasisi da jirgin makaranta tukuna, ka yi shekara guda kana haya kana rubuta sa'o'in da ka tashi da gaske. In sun yi kaɗan kuma har yanzu kana so, nemi mutum biyu ko uku ku haɗa ku saya, da yarjejeniya a rubuce kan ranakun kowa, asusun inji, wanda zai biya in an yi ɓarna, da yadda mutum zai sayar da kasonsa in zai fita.