Amsa ga 'yar'uwar da aka sallami bakwaininta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce kin haihu a mako 32, an sallame ku, kuma kina tambaya ko dole ne ki ci gaba da kai shi awo, da kuma yaushe za a fara masa rigakafi. Da na karanta sai da na ajiye waya na yi shiru, domin halin da na shiga ke nan da ɗana na uku.

Nawa a mako 31 ya zo, cikin Disamba, tsakiyar hunturun Sakkwato, muka koma gida yana da kilo 1.7. Kwananmu huɗu da dawowa, gwaggon maigidana da ta zo zaman jego ta zare shi daga ƙirjina da asuba ina barci, ta yi masa wanka, wai ba ta taɓa ganin jaririn da ake hana wa ruwa ba. Da na farka na taɓa tafin ƙafarsa sai na ji shi kamar gindin randa, na ba shi nono ya ƙi kamawa, ko kukan kirki ba ya iyawa. Har yau ina tuna yadda na cusa shi cikin rigata a bayan kabu-kabu, ina ta salati har ƙofar asibiti. Ma'auni ya nuna 35, alhali zafin jikin jariri bai kamata ya sauka ƙasa da 36.5 ba. Mako guda muka sake kwantawa. Ita kuwa Gwaggo ko sannu ba ta ce ba, sai ma ta bi dangi tana cewa tsirfar 'yan boko ce ta sa yaron ya ƙi ƙwari. Na yafe mata, amma raina yana sosuwa duk lokacin da na tuna.

Saboda haka ki riƙe goyon kangaru da aka koya miki, fatarsa a kan fatarki, da hula da safa, dare da rana, kuma kada ki yarda a kunna garwashi ko turaren wuta a rufe ɗaki da sunan ɗumama shi, domin huhunsa bai gama ƙwari ba. Ki tashe shi ya sha nono duk bayan awa biyu zuwa uku ko da barci yake yi. Idan ya gaji da tsotso ki tatsa ki ba shi da ƙaramin kofi. Ban da ruwa, ban da jiƙo, kuma ki roƙi maigida tun yanzu kada wanzami ya cire masa beli.

Awo kam dole ne, domin a can ne za a ga ko nauyinsa yana hawa, a kuma rubuta masa maganin ƙarin jini na ɗigawa, tunda bakwaini yakan zo da ƙarancin sinadarin ƙarfe. Rigakafi kuwa daga ranar haihuwa ake ƙirgawa, wato mako 6 da 10 da 14 kamar kowane yaro. Ni wata ma'aikaciya ta taɓa mayar da ni gida wai ya yi ƙanƙanta, sai da likita ya ce kuskure ta yi. Wajen zama da rarrafe ne kawai za ki riƙa cire makonni 8 ɗin da ya rage a ciki, har ya shekara biyu, don kada surutun mutane ya tayar miki da hankali.

Idan ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa ya wuce 60 a minti ɗaya, ko idonsa ya yi ɗorawa, kada ki jira gari ya waye. Sannan ki duba katinku: an ba ku ranar ganin likitan ido? Wajen mako huɗu da haihuwa ake duba idon irin waɗannan yara, musamman wanda aka sa wa iskar oksijin, kuma idan ba a rubuta muku ba ki koma ki tambaya a wannan makon.