Halowin, 'Yan Wika da Labarin Yanka Yara: Me Ya Tabbata?

Tambaya: Ni Kirista ce, shekararmu uku a Ingila da maigida da yara biyu. Makarantar firamaren yaran za ta yi bikin Halowin a ƙarshen Oktoba. A zumuntar matan cocinmu ana ta yawo da wani bidiyo a WhatsApp mai cewa a daren ne masu bautar Shaiɗan suke sace yara su yanka. Ga shi kuma na ji cewa wata mai taimaka wa malamar ajin ƙaramata 'yar addinin Wika ce, har tana kiran kanta mayya. Hankalina a tashe yake. In cire yaran daga makarantar ne?

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki na uwa ne, babu mai ganin laifinki. Sai dai bidiyon ya cuɗa abubuwa uku a tukunya ɗaya: zargin cewa akwai ƙungiyoyin asiri masu azabtar da yara don Shaiɗan, bikin Halowin, da addinin Wika. Kowannensu da tarihinsa, kuma na farkon ne ya fi bukatar a tsaya a kansa, domin an bincike shi bincike mai zurfi, an kuma san inda ya samo tushe.

A shekarar 1980 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Lawrence Pazder, ya wallafa littafi mai suna Michelle Remembers tare da wata mata da yake yi wa magani. Littafin ya ce matar ta "tuno" azabar da masu bautar Shaiɗan suka gana mata tana shekara biyar. Tunowar ta fito ne bayan dogon zama da likitan, yana sa ta cikin wani yanayi tsakanin barci da farke yana yi mata tambayoyi. Mahaifinta ya ƙaryata labarin, masu bincike ba su sami hujja ko ɗaya ba, likitan kuma daga baya ya aure ta. Duk da haka littafin ya zama abin koyar da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a a Amurka.

Bayan shekara uku sai shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya. A 1983 wata uwa ta zargi wani matashin malami da lalata ɗanta. 'Yan sanda suka aika wa iyaye kusan 200 wasiƙa suna cewa su tambayi 'ya'yansu ko an yi musu kaza da kaza. Aka kai yara wajen 400 wata cibiya aka yi musu tambayoyi. Daga nan labarai suka fara fitowa: ramukan ƙarƙashin ƙasa, yanka dabbobi, mutane masu tashi sama. Shari'ar ta kai 1990, ta ci kusan dala miliyan 15, ba a sami kowa da laifi ko ɗaya ba, alhali malamin ya riga ya yi shekara biyar a tsare. An kuma gano cewa uwar da ta fara zargin tana fama da taɓin hankali mai tsanani.

Yaya yaran suka faɗi abin da bai faru ba? Wannan ne ya kamata kowace uwa ta sani. Faifan bidiyon tambayoyin yana nan, masana sun nazarce shi. Yawancin yaran da farko cewa suka yi babu abin da aka yi musu. Mai tambayar ba ta karɓi "a'a" ba, sai ta maimaita tambayar, ta sake maimaitawa, har yaron ya gane cewa amsarsa ta farko ba ta yi mata daɗi ba. In ya ce "e" a yabe shi da wayo, in ya musa a nuna masa bai da ƙwaƙwalwa. Ana ce masa abokansa duk sun riga sun faɗa, shi kaɗai ya rage. Ana ba shi 'yar tsana a ce ya nuna abin da "mai yiwuwa" ya faru. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu da aka yi wa haka na makonni yakan kai inda shi kansa ba ya rarrabe abin da ya gani da abin da aka cusa masa. Ba maƙaryaci ba ne, manya ne suka gina masa labarin a ka.

Guguwar ta tsallako Birtaniya. A Rochdale a 1990 an kwashe yara daga hannun iyayensu. A tsibiran Orkney na Skotland, da asubar 27 ga Fabrairu 1991, aka ɗauke yara tara daga gidaje huɗu, kuma cikin waɗanda aka zarga har da faston garin. Bayan kimanin mako biyar alƙali ya yi watsi da ƙarar, aka mai da yaran gida.

Hukumomi sun zauna sun ƙirga. Kenneth Lanning, ƙwararren jami'in hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, kan laifukan cin zarafin yara, ya fitar da rahoto a 1992 bayan shekaru yana bin irin waɗannan ƙararraki: babu gawa, babu ƙashi, babu wurin da aka tabbatar an yi yankan. A 1994 wani bincike da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi, ƙarƙashin Gail Goodman, ya duba zarge-zarge sama da 12,000, bai sami ko ɗaya da ya tabbatar da ƙungiyar asiri mai wannan aiki ba. A shekarar dai, Farfesa Jean La Fontaine ta miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahoto kan ƙararraki 84. Uku kawai ta samu da ke da alamar tsafi, su ma masu lalatar ne suka yi amfani da da'awar sihiri don tsorata yaran su yi shiru. Ta kuma ce wa'azin wasu ƙungiyoyin Kirista ya taimaka wajen yaɗa tsoron.

Wannan magana tana da ɗaci, amma abin alfahari shi ne Kiristoci ne da kansu suka tona asirin manyan masu ba da shaidar ƙarya. Mike Warnke ya yi shekara ashirin yana zagaya majami'u yana cewa shi tsohon babban firist ne na Shaiɗan mai mabiya 1,500. Mujallar Kirista ta Cornerstone ta bi sawunsa a 1992, ta sami abokan karatunsa da hotunan lokacin, labarin ya rushe. Kafin nan a 1989 mujallar ta yi haka da Lauren Stratford, wadda ta ce an tilasta mata haihuwar jarirai don hadaya. Yawancin bidiyon da ke yawo yau jikokin waɗannan labarai ne. Ki kuma tuna cewa zargin taruwa da dare a ci naman jariri, Romawa Kiristocin farko suka fara yi wa shi, har marubucin Kirista Tertullian ya rubuta martani a wajen shekara ta 197. Daga baya a Norwich ta Ingila, a 1144, aka juya irin wannan zargi na kashe yaro don tsafi kan Yahudawa.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Kisan tsafi don neman kuɗi ko mulki yana faruwa, mun san labarinsa a Najeriya, kuma a 2001 an tsinci gangar jikin wani yaro a kogin Thames wanda bincike ya nuna daga kudancin Najeriya aka kawo shi. Amma babu abin da ya haɗa wannan da Halowin ko 'yan Wika. Akwai ma wani gefen da ya fi taɓa mu: Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara takwas daga Kodebuwa, ta mutu a Landan a 2000 a hannun masu riƙonta, waɗanda suka ce tana da aljanu. A ranar Kirsimeti ta 2010 an kashe wani yaro ɗan shekara 15 a gabashin Landan, yayarsa ta jini cikin masu hannu, saboda an ce maye ne. Waɗannan yara zargin maita ne ya kashe su.

Halowin kuwa, sunan kansa na coci ne: ma'anarsa jajibirin Ranar Dukan Tsarkaka, 1 ga Nuwamba, wadda ikkilisiyar Yammacin Turai ta tsayar tun ƙarni na takwas zuwa na tara. Ranar ta zo daidai da Samhain, ana furta shi Sawin, bikin ƙarshen bazara na mutanen Ailan, lokacin da ake dawo da shanu daga kiwo a shiga hunturu. Za ki ji ana cewa Samhain sunan allahn mutuwa ne. Kuskure ne na wani marubucin ƙarni na 18, kalmar sunan lokaci ce kawai. Al'adar sa kayan dodo da bin gidaje ta bi 'yan Ailan da Skotland zuwa Amurka a ƙarni na 19, can ta zama ta kabewa da alewa, sannan ta dawo Ingila a matsayin kasuwanci. Batun alewa mai guba ma masanin zamantakewa Joel Best ya bi rahotannin shekaru da dama, bai sami yaron da baƙo ya kashe ta haka ba. Wanda ya shahara, a Texas a 1974, uban yaron ne ya sa gubar don kuɗin inshora.

Ko Kirista zai shiga bikin, wannan batun lamiri ne, kuma masu tsoron Allah sun rabu a kansa. Wasu suna ganin wasa da siffar mutuwa da aljanu bai dace da 'ya'yan haske ba, wasu suna ganin wasan yara ne kawai. Romawa 14 ta ba kowa damar tsayawa kan abin da ya tabbata a zuciyarsa ba tare da ya hukunta ɗan'uwansa ba. A ganina, in zuciyarki ba ta kwanta ba, kada ki tura su, amma ki faɗa musu ainihin dalilin: "mu ba ma wasa da waɗannan abubuwa saboda bangaskiyarmu." Kada ki ce musu za a sace su, domin yaron da aka tsorata da ƙarya yakan daina yarda da gargaɗin gaskiya.

Sai Wika. Sabon addini ne. Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, shi ya fito da shi fili a 1954, bayan an soke dokar hana maita ta Ingila a 1951. Ya ce tsohon addini ne da ya ɓuya, amma masanin tarihi Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya nuna cewa a ƙarni na 20 aka harhaɗa shi. Suna bauta wa allahiya mace da allah namiji mai ƙaho, alamar daji da dabbobi. Ƙahon nan ne ya sa ake haɗa su da Iblis, alhali Shaiɗan ba ya cikin aƙidarsu kwata-kwata. Suna da bukukuwa takwas a shekara masu bin juyin yanayi, Samhain ɗaya ne daga ciki, sukan kuma taru a cikar wata. Ƙungiya bisa al'ada ba ta wuce mutum 13. Sukan zana da'ira, su kunna kyandir, su yi addu'o'insu da sihirinsu, su rufe da burodi da ruwan inabi. Wuƙar da ake gani a hotunansu ta nuni ce, ba a yanka da ita, kuma ba su yin hadayar jini. Babbar ƙa'idarsu ita ce mutum ya yi abin da ya ga dama muddin bai cuci kowa ba. Yawancin ƙungiyoyinsu ba su shigar da wanda bai kai 18 ba. A ƙidayar 2021, mutum kusan 13,000 ne a Ingila da Wales suka ce su 'yan Wika ne.

Kalmar "mayya" ce ta fi ɗaga miki hankali, kuma a nan fassara ce ta yi ɓarna. A wajenmu mayya mai kama kurwa ce, mai ƙanƙara a ciki, wadda ke lashe mutum har ya mutu. Kalmar Turancin da 'yar Wika take kiran kanta da ita ba ta ɗauke da wannan da'awa. Abin da take nufi ya fi kusa da mai harkar ganyaye da duba da bautar halitta. Wannan bai mai da shi abin yarda ga Kirista ba: Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana duba da sihiri ƙarara, kuma bautar wani ban da Allah ta saɓa doka ta fari cikin Dokoki Goma. Kina da cikakken 'yancin cewa addininta ɓata ne. Cewa tana cutar da yara kuwa zargin laifi ne, kuma littafin nan dai a 19:15-18 ya ce sai da shaidu biyu ko uku da bincike mai kyau. Dokar daidaito ta 2010 ta Birtaniya ma ta kāre ta daga wariya saboda addini, kamar yadda ta kāre ki.

Don haka ban ga dalilin cire yaran ba. Ki rubuta wa shugabar makaranta gajeriyar wasiƙa tun mako biyu kafin ranar, ki ce ba kya son yaranki su shiga bikin saboda addini, ki roƙi a ba su wani aiki a lokacin. Majami'u da yawa a Ingila suna shirya bikin haske a daren, ki tambayi fastonku. Duk mai aiki da yara a makaranta sai ya bi ta binciken DBS, wato binciken ko yana da tarihin aikata laifi, kuma kowace makaranta tana da jami'in kāre yara, ki san sunansa. In ma'aikaciyar ta fara koya wa yara addininta a aji, wannan abin kai ƙara ne ga shugabar makaranta, ko da wane addini ne.

Masu lalata yara mafi yawansu mutanen da yaron ya sani ne: dangi, maƙwabci, abokin gida, wani lokaci ma'aikacin coci. Alamomin da za ki kula da su sun haɗa da fitsarin kwance bayan ya daina, tsoron wani mutum takamaimai, sanin abubuwan manya da suka fi shekarunsa, kyauta ko kuɗin da ba ki san tushensu ba, da babban da kullum yake neman kaɗaita da shi. In yaro ya fara faɗa miki wani abu, ki danne firgicinki, ki ce "faɗa mini abin da ya faru", sannan "sai me ya biyo baya?" Kada ki ambaci sunan kowa, kada ki sa masa kalma a baki, kada ki sa ya maimaita wa mata biyar a coci. Ki rubuta maganarsa kamar yadda ya faɗe ta, da rana da lokaci, ki kira 'yan sanda a lamba 101, ko 999 in haɗarin na nan take ne.

A daren 31 ga Oktoba kansa, an riga an mai da agogo baya, duhu yana shiga kafin ƙarfe biyar, yara cikin baƙaƙen kaya suna tsallaka titi. Mota da kyandir kusa da tufafi masu saurin kama wuta su ne haɗarin da asibitoci suka sani. Bidiyon kuwa, kafin ki tura wa kowa, ki nemi abu uku a cikinsa: sunan garin, ranar da abin ya faru, da kotun da ta yanke hukunci. In babu su, ki faɗa wa matan zumunta haka a taronku na gaba.