Tsohon Kantin Gyaɗa a Babban Titi: A Rushe Ko a Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Garinmu yana kan layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, kuma a babban titinsa muna da tsohon kanti da kakanmu ya saya daga wani kamfanin Turawa. Yana da doguwar baranda da ƙofofin katako masu kauri da sito a baya, amma rufin yana yoyo, bango ɗaya kuma ya tsage. Wasu magada suna son a rushe shi a gina jerin shaguna. Shin yana da darajar da za ta sa a bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Siffar da ka bayar ta kantunan zamanin cinikin gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kai layi Kaura Namoda a 1929, na Nguru kuma ya kammala a 1930. A tashoshi da yawa da jirgi yake tsayawa, gwamnatin mulkin mallaka takan yanka filaye kusa da su ta ba kamfanoni haya, irin su John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da CFAO, da kuma UAC wadda aka kafa a 1929. Idan kaka ta yi, a barandar ake kafa sikeli a auna gyaɗar manoma da ta dillalai, a jibge buhuna a sito har jirgi ya zo, sannan kuɗin da manomi ya karɓa ya koma kan kanta wajen sayen atamfa da gishiri da kananzir da kwanukan sha. Ke nan tsarin ginin kansa, daga baranda zuwa kanta zuwa sito, yana nuna yadda garinku ya samu arzikinsa. Daga baya kamfanonin suka janye daga ƙananan garuruwa, dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta ƙara tura irin waɗannan gine-gine ga attajiran gida, sannan fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da cinikin.

A ganina kada a yi gaggawar rushewa, domin abin da ka lissafa ba ya cikin lalacewar da ba ta gyaruwa. Yawancin matsalar tsohon gini daga ruwa take. Rufin da yake yoyo yana jiƙa katakon da ke ɗauke da kwano, katako mai laima kuma shi gara take bi, saboda haka gyaran rufi da indararo shi ne aikin farko, kuma a yi shi kafin damina. Sai a duba ƙasa: a garuruwa da yawa an yi ta ciko ana ɗora kwalta har titi ya fi daɓen kanti tsayi, ruwan sama ya riƙa kwanciya a gindin bango. Idan haka ne a wurinku, magudanar ruwa a gaban barandar ta fi kowane fenti amfani.

Game da tsagewar, ana so a san ko ta tsaya ko tana ci gaba. Hanya mai sauƙi ita ce a shafa ɗan siririn yaɓen filasta irin na gini a kanta a wurare biyu ko uku, a rubuta kwanan wata, a duba bayan damina ta wuce. Idan filastar ba ta fashe ba, tsohuwar tsaga ce wadda cikewa ta ishe ta. Idan ta fashe, ko kuma tsagar ta fi faɗi a sama, ko bangon ya fara karkata, to mai yiwuwa tushen ginin ne yake motsi, kuma wannan aikin injiniyan gini ne, ba na magini kaɗai ba.

Kuskuren da ya fi kashe irin waɗannan gine-gine shi ne yaɓe su da siminti. A karce bangon a ga da me aka gina shi. Idan tubalin ƙasa ne, ko jan bulo da aka ɗaure da farar ƙasa, to bango ne mai shan laima ya kuma fitar da ita; siminti yakan toshe wannan hanya, laimar ta taru a ciki, bangon ya ruɓe alhali fuskarsa tana sumul, sai wata rana yaɓen ya ɓare gaba ɗaya. A yi gyara da irin abin da aka yi ginin da shi, kuma har yanzu akwai magina da suka san aikin makuba da farar ƙasa.

Ta fuskar doka, tsufa kaɗai ba ya ba gini kariya, sai idan Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta sa aka ayyana shi a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Abin da ya fi shafarku shi ne takardar fili, domin kamfanonin haya suka karɓa mai wa'adi, kuma tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ikon filayen gari yana hannun gwamna. A nemi fayil ɗin a ma'aikatar filaye ta jiha. Idan ana son sanin shekarar ginin da kamfanin da ya fara riƙe shi, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna wuri ne da ya dace a bincika.

Bukatar magadan da suke son kuɗin haya halastacciya ce, kuma ana iya biyan ta ba tare da rushewa ba. A bar fuskar da ke kallon titi da barandarta da ƙofofinta, a raba cikin zauren zuwa shaguna da bango marar nauyi, a ba 'yan hatsi hayar siton, sabon gini kuma a yi shi a filin baya idan akwai. Idan injiniya ya tabbatar cewa tushen ya lalace har ginin yana barazana ga masu wucewa, sai a rushe, amma a fara ɗaukar hotunansa ciki da waje, a auna shi a zana, a cire ƙofofi da sikeli da duk allon da ke ɗauke da sunan kamfani a adana su.